Dashen hanta da maganar "sitem sel": amsar tambayoyin da masu jinya suke ta yi min

Tun da muka dawo daga Indiya da Yaya bayan an yi masa dashen hanta wayata ba ta huta ba. Wannan ƙaninsa ne a kwance, waccan mijinta ne likita ya ce hantar ta gaji, kuma duk inda hirar ta zagaya sai ta dawo kan abu ɗaya, wai an ce akwai sitem sel me ya sa ba ku yi masa ba. Ni ba likita ba ne, ɗan jinya ne da ya kwana a kujerar asibiti ya yi ta tambayar likitoci yana karatu da daddare. Shi ne na tattara tambayoyin wuri guda, na sa musu lamba don idan amsa ta taɓo wata ka san inda za ka koma.

1. Wai mene ne ma sitem sel ɗin nan?

Ƙwayoyin halitta ne na tushe, wato waɗanda ba su gama zama wani abu takamaimai ba, suna iya rabuwa su haifi irinsu kuma suna iya rikiɗa su zama wasu ƙwayoyin. Iri-iri ne fa, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Akwai masu yin jini da ke cikin ɓargo, su ake dasawa masu sikila, irin wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, wannan magani ne tabbatacce da aka daɗe ana yi a duniya. Amma ba su ake nufi a maganar hanta ba.

Waɗanda ake nufi su ne masu bincike suke taƙaita sunansu da MSC. Wani masani ɗan Rasha, Alexander Friedenstein, shi ya fara gano su a cikin ɓargo tun wajen shekarun 1960 zuwa 1970, sai Arnold Caplan na Amurka ya raɗa musu suna a 1991. A ɗakin gwaji suna iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse. Ka lura hanta ba ta cikin wannan jerin, za mu dawo kai a lamba 5. Abin da ake fata a dashe shi ne su kare sabuwar hanta daga raunin da take ji.

2. Ba lafiyayyar hanta ake ɗaukowa ba? To wane rauni kuma take ji?

Lafiyayya ce, amma hanyar da take bi kafin ta zauna a cikin sabon jiki ita ce matsalar. Da zarar an ɗaure jijiyoyinta an cire ta jini ya yanke mata, ba iskar oksijin ba abinci. Sai a wanke ta da wani ruwa mai sanyi a sa ta cikin leda a nutsa cikin ƙanƙara, sanyin wajen digiri 4, don aikin ƙwayoyinta ya ragu sosai. Ruwan da ya fi shahara shi ne wanda aka haɗa a Jami'ar Wisconsin a ƙarshen shekarun 1980. Sanyi yana rage ɓarna amma ba ya tsayar da ita, ƙarfin da ƙwayoyin suka tara yana ta ƙarewa a hankali, shi ya sa likitoci suke kallon agogo, ba sa son a wuce awa 8 zuwa 12.

Abin da ya fi ba ni mamaki da aka yi min bayani shi ne babban bugun ba a cikin ƙanƙarar yake zuwa ba, sai lokacin da aka ɗinke jijiyoyi aka saki jini. Kamar mutumin da ya wuni da ƙishi a rana ne ka ba shi ruwan randa ya kwankwaɗa lokaci guda. Oksijin yana shigowa da ƙarfi cikin ƙwayoyin da suka galabaita sai su fitar da wasu sinadarai masu ƙona nama, masu gadin hanta da ake kira ƙwayoyin Kupffer su tashi su yi kururuwa, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi su toshe ƙananan hanyoyin jini, kumburi ya biyo baya. Wani lokaci ma a cikin mintuna biyar na farko bugun jinin majinyaci yakan faɗi warwas a kan gadon tiyata, masu ba da maganin barci sun san da haka a shirye suke.

Hanta mai kitse da yawa, da ta tsoho, da wadda aka cire bayan zuciyar mamaci ta riga ta tsaya, su suka fi shan wannan wahalar.

3. Ta yaya za mu gane sabuwar hantar ta ji wannan raunin?

A takardar gwajin jini. Kullum da asuba ana ɗibar jini, wajen ƙarfe tara takarda ta fito, ni har na haddace inda idona zai fara sauka: AST da ALT masu hawa idan hanta ta ji rauni, sai bilirubin mai sa ido ya yi ɗorawa irin na shawara, sai INR mai nuna ko jini yana daskarewa daidai. Kwana biyun farko AST da ALT na Yaya sun yi sama har gabana ya faɗi, likitan ya ce min kar ka kalli lambar yau ita kaɗai, kalli inda ta dosa. Washegari ta fara sauka. Akwai kuma 'yar jakar da ke rataye a gefen gado, nas takan ɗaga ta ta kalli launin abin da ke ciki kafin ma ta kalli fuskar majinyacin.

Akwai ma'aunin da likitoci da yawa suke bi tun 2010: idan AST ko ALT ta haura 2000 a satin farko, ko a rana ta 7 bilirubin ya kai 10, ko INR ya kai 1.6, sai su ce hantar ta fara aiki da rauni. Yawanci takan farfaɗo. Kaɗan ne take ƙin tashi gaba ɗaya sai an sake dashe cikin gaggawa. Ɗaya matsalar mai zuwa a makare ita ce ta hanyoyin ruwan matsarmama, bayan wata biyu ko uku ko shida su tsuke, mutum ya koma ƙaiƙayi da zazzaɓi da ɗorawar ido.

4. Wannan shi ne abin da ake cewa jiki ya ƙi karɓar hantar?

A'a, daban ne. Ƙin karɓa garkuwar jiki ce take gane baƙo ta kai masa hari, shi ake shan takrolimus, maganin danne garkuwa, dominsa. Raunin lamba 2 kuwa ko da ɗan tagwai ne ya ba ɗan uwansa zai iya faruwa. Sai dai suna da alaƙa, hantar da ta kumbura sosai a farko ta fi jan hankalin garkuwar jiki. Dalilin da ya sa masu bincike suka ƙwallafa rai a kan MSC ke nan, suna fatan su taɓa matsalolin biyu lokaci guda.

5. To ƙwayoyin shiga suke su zama sabuwar hanta?

Haka aka zata da farko, kuma haka 'yan talla suke faɗa har gobe. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Idan aka ɗura su ta jijiyar hannu mafi yawansu a huhu suke maƙalewa saboda girmansu, kuma cikin 'yan kwanaki sun mutu. Amfaninsu yana cikin abin da suke fitarwa kafin su mutu, wasu sinadarai da ƙananan ƙunshi kamar saƙo, masu kwantar da kumburi, masu hana ƙwayoyin hanta saurin mutuwa, masu zaburar da hanta ta sake tsiro, masu ƙara yawan wani rukunin fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne su ce wa sauran ku dakata. Kai har mutuwar tasu ma tana da aiki, idan masu share datti na jiki suka haɗiye su sai su ma su sauya hali su koma masu sanyaya wuri.

Shi kansa Caplan da ya sa musu suna ya fito a 2017 ya ce a daina kiransu ƙwayoyin tushe, a kira su ƙwayoyi masu aika saƙon magani, saboda sunan farko yana yaudarar marasa lafiya. Wannan maganar tasa ta tsaya min a rai sosai.

6. Daga ina ake samo su? Kuma addini ya yarda?

Wurare uku ne aka fi ɗiba: ɓargon ƙashin ƙugu, kitsen ciki, da cibiyar jariri bayan an yanke ta. Eh, wannan cibiyar da mabiyiya da mu a gida ake wankewa a binne a bayan ɗaki, a cikinta akwai wani abu mai santsi kamar kamu da yake cike da su. Ba a taɓa jaririn ba, abin da za a binne ne ake karɓa da izinin iyaye. Daga nan sai a raine su a ɗakin gwaji na makonni har su kai miliyoyi, don abin da ake ba mutum yakan kai miliyan 1 zuwa 3 a kan kowane kilo na nauyinsa.

Ta fuskar addini, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta dashen sassan jiki da sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988, kuma ta hana sayar da su. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ita ma a 2003 ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe idan daga halastacciyar hanya aka samo su, kamar babban mutum da ya yarda ba tare da cutuwa ba, ko cibiya da mabiyiya da izinin iyaye, ta hana wanda aka zubar da ciki da gangan dominsa. Duk da haka ka zauna da malaminka ka faɗa masa ainihin irin wanda ake magana a kai.

7. An taɓa gwadawa a kan mutanen da aka yi wa dashe?

An gwada, amma mutane kaɗan ne ƙwarai. A Liège ta ƙasar Beljiyam an ba mutum 10 ƙwayoyin kwana uku bayan dashe aka gwama su da wasu 10 da ba a ba ba, sakamakon ya fito a 2017. Ba su cutar da kowa ba, amma ba a ga bambanci ba wajen ƙin karɓa ko daɗewar hantar. A Bergamo ta Italiya mutum 20 ne, rabi aka ɗura musu dab da shiga tiyata, sakamakon 2021, nan ma labarin kusan ɗaya ne, lafiya lau amma ba wani canji babba a jikin majinyatan.

Daga ƙasar Sin ne aka fi samun labari mai daɗi. A Guangzhou an ba mutum 12 masu matsalar tsukewar hanyoyin matsarmama ƙwayoyin cibiya sau da yawa, aka ga sun fi sauran rage buƙatar a yi ta shiga ana buɗe musu hanyar. A Beijing kuma an gwada su a kan masu ƙin karɓa tare da maganin da aka saba, ALT ɗinsu ta fi sauka. Abin farin ciki ne wallahi, amma mutum 12 ba su isa a ce an tabbatar ba, balle ba ƙuri'a aka jefa wajen zaɓen wa za a ba wa za a hana ba. Yau babu wata babbar hukumar magunguna da ta amince da MSC a matsayin maganin kare hanta a dashe. Na farko da hukumar Amurka ta amince da shi a Disambar 2024 ne, kuma na yara ne masu wata matsala bayan dashen ɓargo, ba ruwansa da hanta.

8. Na ga an ce a kan ɓeraye yana aiki sosai, me ya hana a mutum?

Ɓeran gwaji matashi ne lafiyayye, duk 'yan gida ɗaya, a ɗaure masa jijiyar hanta na awa ɗaya a saki, a ba shi ƙwayoyi a daidai mintin da aka tsara. Majinyacinmu kuwa shekara da shekaru yana fama, ciki ya kumbura da ruwa, ƙoda ta taɓu, ga magungunan danne garkuwa a jikinsa. Sannan ƙwayoyin kansu ba ɗaya suke ba, na wannan ɗakin gwajin daban da na wancan, na ɓargo daban da na cibiya, wanda aka fito da shi daga firiza yanzu daban da ɗanye. Ga kuma matsalar huhu ta lamba 5.

9. Mece ce na'urar da ake cewa ana jona hanta a kai?

Wannan ita ce a ganina ta fi cancanta ku sani, don ita ta riga ta shiga asibitoci. Maimakon a bar hanta kwance cikin ƙanƙara sai a jona ta da inji mai harba mata jini mai ɗumi da oksijin kamar tana cikin mutum, har ruwan matsarmama take fitarwa likita yana kallo. Wani gwaji da masanan Oxford suka jagoranta, aka buga a 2018 kan dashe 220, ya nuna alamar rauni a jini ta ragu da kusan rabi, hantocin da ake zubarwa ma sun ragu da kusan rabi. Akwai kuma mai sanyi, ita ruwa mai oksijin take harbawa. Gwajin da aka jagoranta daga Groningen ta Holan a 2021 kan mutum 160 ya nuna tsukewar hanyoyin matsarmama ta sauka daga kashi 18 cikin 100 zuwa kashi 6. A Zurich har kwana uku suka riƙe wata hanta a inji sannan suka dasa ta, mutumin ya rayu.

Inda ta haɗu da sitem sel shi ne, tunda hantar tana waje a kan inji, me zai hana a zuba ƙwayoyin kai tsaye cikin bututun, ba huhun da zai tare su. A Birmingham ta Ingila sun gwada da hantocin mutane 6 da aka ƙi dasawa, aka buga a 2020, ƙwayoyin sun shiga sun zauna ba su toshe hanyar jini ba. Ba a dasa wa kowa waɗannan hantocin ba, gwajin ɗaki ne. Ni dai a nan na fi sa rai.

10. Mu ɗanmu ne zai ba babansa ɓangaren hantarsa, wannan duk ya shafe mu?

Hajiya, ya shafe ku amma da sauƙi. Kusan duk namu da suke zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya daga ɗan uwa mai rai ake yanka, mu ma babban ɗan Yaya ne ya bayar. Ɗakunan tiyatar biyu suna maƙwabtaka, hantar ba ta daɗewa a sanyi, galibi awa ɗaya zuwa biyu, kuma an riga an tantance mai bayarwa ba kitse a hantarsa. Don haka raunin lamba 2 ya fi sauƙi a wajenku.

Abin da ya fi damun likitocinku shi ne girma. Suna son ɓangaren da za a dasa ya kai aƙalla kashi 0.8 cikin 100 na nauyin majinyaci, wato mai kilo 70 yana buƙatar wajen giram 560, kuma dole a bar wa mai bayarwa aƙalla kusan kashi 30 na tasa. Hanta Allah Ya yi ta da sake tsiro, cikin makonni zuwa watanni ta ɗanki za ta cike yawancin gurbin ba tare da an ɗura masa komai ba.

11. Akwai haɗari?

A ƙananan gwaje-gwajen lamba 7 ba a ga mummunan abu ba, amma likitoci suna sa ido kan abubuwa da dama. Na farko gudan jini, don ƙwayoyin suna iya tayar da daskarewa, kuma toshewar jijiyar da ke kai wa sabuwar hanta jini yana cikin abin da likitan dashe ya fi tsoro. Na biyu cututtuka, mutum an riga an danne masa garkuwa, idan ɗakin da aka raini ƙwayoyin ba shi da tsabta to kai tsaye cikin jini aka zuba masa. Na uku masu kansar hanta, ana tsoron abin da ke sanyaya garkuwa da zaburar da tsiro kar ya taimaki ciwon ya dawo. Kuma kar a ce ai daga jikina aka ɗiba ba komai, a Florida ta Amurka a 2015 mata uku tsofaffi sun rasa ganinsu ko mafi yawansa bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido a wani wurin kuɗi.

12. Idan an yi masa zai daina shan takrolimus?

A'a, don girman Allah kar ya daina. A Liège sun gwada janye maganin a hankali ƙarƙashin kulawar likitoci ga waɗanda aka ba ƙwayoyin, bai yiwu ba. Na san tsadarsa, na san yadda ake yawon nemansa a kemis idan ya yanke, amma tun bayan da Thomas Starzl ya fara dashen hanta a Denver a 1963 abin bai zama magani na gaske ba sai da irin waɗannan magungunan suka fito wajen 1980. Galibi sau biyu a rana, awa 12 tsakani, a kan lokaci.

13. Akwai sitem sel na leda da ake sayarwa a gari ana zubawa a ƙarƙashin harshe, shi fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙona min rai. Kafin mu tafi wani ya zo har ɗakin Yaya da jaka, ya zaro 'yar leda mai sheƙi ya farke ta, gari ne a ciki mai ƙamshin kayan marmari, ya ce kwali shida ya isa hanta ta koma sabuwa ba sai an je ko'ina ba. Yaya yana kwance cikinsa kamar tulu yana kallonsa da idon mai neman tsira. Mun saya, ba zan ɓoye ba, kuma wata guda muka ɓata.

Ƙwayar halitta rayayya ce, a cikin sanyi mai tsananin gaske ake adana ta, ba ta rayuwa a busasshen gari a cikin zafin kasuwa, in ma ta rayu ciki zai narkar da ita kamar abinci. Yawancin irin waɗannan daga tsirrai ne kamar tuffa da inabi, ƙwayar tuffa kuwa ba ta da abin da za ta faɗa wa hantar mutum. Lambar NAFDAC a kan kayan ƙarin abinci ba shaida ba ce cewa yana warkar da ciwo. Wanda aka yi wa dashe kuwa kar ya sa komai a baki, na leda ko na gargajiya, sai likitansa ya gani, don wasu abubuwan suna hawar da takrolimus a jini har ya taɓa ƙoda, wasu su saukar da shi.

14. Wani asibiti a waje ya ce in mun ƙara kuɗi za su haɗa mana da sitem sel, me zan tambaye su?

Ka ce gwaji ne ko magani. In gwaji ne su ba ka lambar rajistarsa da takardar kwamitin da ya amince, kuma gwaji na gaskiya ba a cajin majinyaci kuɗin abin da ake gwadawa. In sun ce magani ne su nuna maka hukumar da ta amince da shi don dashen hanta, ka koma lamba 7. Ka tambayi daga jikin wa aka ɗiba, a ina aka raine su, an gwada su da cutar hanta B da C da ƙanjamau, wa zai ɗauki nauyi in an samu matsala. Ka yi maganar da likitan tiyatar da kansa, ba da dillalin da ya tarbe ku a filin jirgi ba. Sauran kuɗin kuma ka riƙe, maganin shekarar farko da gwajin jini suna jiranka a gida.

15. Sitem sel zai iya gyara hantar da ta lalace har a fasa dashen?

Ga hantar da ta riga ta ƙanƙance ta yi tauri ta fara tara ruwa, dashe ne har yanzu. An yi gwaje-gwaje a kan masu irin wannan, wasu sun nuna ɗan sauƙi a gwajin jini na wani lokaci, wasu ba su nuna komai ba. Akwai aiki mai ban sha'awa a Japan, a 2013 Takanori Takebe ya tsirar da ƙananan 'ya'yan hanta a ɗakin gwaji suka yi aiki a jikin ɓera, a 2020 kuma wani asibitin yara a Tokyo ya sanar cewa ya ɗura wa jariri ɗan kwana shida ƙwayoyin hanta da aka samar daga ƙwayoyin tushe, suka riƙe shi har ya yi girman da aka yi masa dashe daga hantar babansa. Ka ga ko a nan ma dashen aka yi a ƙarshe.

Mu abin da ya fi kai mu ga wannan halin cutar hanta B ce, ita ce ta kama Yaya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita, yawanci ba su sani ba. Akwai rigakafi, ana son a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, ba a jira sai an yi suna ba. Akwai tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana ga wanda likita ya ga ya dace, tana danne cutar shekaru kuma tana iya sa tabon hanta ya ragu idan an fara da wuri. A guji gyaɗa da masara masu fumfuna, da aska ko reza ɗaya ga mutane da yawa. Bayan mun dawo mun kwashi gidan duka mun je gwaji, mutum biyu aka samu da ita, ɗaya an ɗora shi a kan magani ɗaya ana bibiyarsa duk wata shida, sauran kuma an yi musu allurar rigakafi uku-uku.